Sakatar da Ta Karye a Kamfanin Bamanga

Da hantsin wata Litinin, cikin kakar auduga ta shekarar 1977, aka bugo waya caji ofis na Gombe daga kamfanin gurzar auduga na Alhaji Bamanga da ke wajen Gabukka. Aka ce kaya ya faɗo ya danne mutum. Sufeto Babayo ne a bakin aiki. Ya ture kofin shayinsa gefe, ya kira Saje Joda da direba, suka hau Landiroba.

Babayo dogon Bafulatani ne marar yawan magana. An san shi da taurin kai tun yana kofur, kuma taurin kan ne ya sa aka yi ta yawo da shi daga wannan gari zuwa wancan kafin a dawo da shi gida.

Lokacin kuɗin mai ne, kowane attajiri odar inji yake yi daga ƙasar waje. Alhaji Bamanga ya sayo ƙaton janareto, jirgin ƙasa ya kawo shi, babbar mota ta ɗauko shi daga tasha. Da safen nan ake sauke shi da injin ɗaga kaya. An raba shi da motar, an juyo da shi sama za a dire, sai ƙugiyar ta saki. Bawa, helman leburori, yana ƙasa riƙe da igiyar da ake daidaita kayan da ita. Ko shurawa bai yi ba.

Da 'yan sanda suka iso an riga an ciro gawar an lulluɓe ta da buhunan auduga. Leburori sun yi da'ira, sun sa wani saurayi a tsakiya. Rigarsa a yage take, leɓensa na jini, amma yana tsaye ƙyam, bai nemi hanyar gudu ba. Shi ne Injiniya Matiyu, ɗan ƙasar Tangale, wanda Alhaji ya ɗauka bara ya ɗora a kan duk injinan kamfanin.

Saje Joda ya kutsa ya janye shi. Babayo ya tambayi wa ya ga abin da ya faru, sai aka turo masa babban makaniken kamfanin, Ɗantala, wani kakkauran dattijo mai furfura a gemu. Idanunsa sun yi ja. Aka raɗa wa Sufeto cewa mamacin mijin ƙanwarsa ne.

Ɗantala ya ce tun jiya-jiya yake gaya wa Injiniya kayan nan ya fi ƙarfin injin, a jira a samo babba, ya ƙi ji. Ya ce yaran takarda haka suke, ba a gaya musu.

"Jiya Lahadi," in ji Babayo. "Kun yi aiki?"

"Asabar nake nufi, Yallaɓai. Kaina ne ba daidai ba."

Babayo ya bar shi, ya tafi gindin injin. Sarƙa lafiyarta ƙalau, ƙugiya ma haka. Abin da ya karye sakata ce, wani guntun ƙarfe mai kaurin tsintsiyar hannu da ake zurawa ya haɗa ƙugiyar da sarƙar. Ya tsinci rabi a cikin yashi, ɗaya rabin yana maƙale a ƙugiya. Ya share giris ɗin da ke jikinsu da hankici, ya juya su a rana. Ba su lanƙwashe ba ko kaɗan. Bakin karayar fari ne tas, yana da tsaki-tsaki yana ƙyalli, kamar an ɓalle sukari mai ƙwaya. Da ya haɗa biyun sai suka zauna daidai, kamar ba abin da ya same su.

Bai san komai game da ƙarfe ba. Amma ya sha ganin motocin da suka yi karo, ya san ƙarfe murɗewa yake yi. Ya naɗe guntayen a hankici, ya sa a aljihu.

An yi jana'izar Bawa bayan Azahar. Da la'asar Babayo ya sa aka fito da Matiyu daga bayan kanta. Saje ya riga ya rubuta masa bayani, cewa ya ɗora wa inji kayan da ya fi ƙarfinsa bisa kuskure. Matiyu ya karanta, ya ture takardar, ya ce ko za a yanka shi ba zai sa hannu ba. Ya ce janareton tan huɗu ne, sakatar kuma an yi ta ne ta ɗauki goma, shi da kansa ya duba ta ranar Asabar.

"Ga shi kuwa ta karye," in ji Babayo.

"To a nuna mini ita. Tun safe nake roƙo, duka kawai ake ba ni."

Babayo ya warware hankicin a kan tebur. Matiyu ya ɗauki rabi ɗaya, ya kai shi bakin taga, ya daɗe yana kallo. Da ya juyo fuskarsa ta canza.

Ya yi wa Sufeto bayani a hankali. Ya ce irin wannan ƙarfe idan nauyi ya fi ƙarfinsa, sai ya fara lanƙwasa, ya miƙe, ya sirance kamar alewar da ake ja, sannan ya tsinke. Idan kuma gajiya ce ta shekaru, tsaga ce ke ci a hankali, sai a ga wani sashe na karayar ya yi sumul ya yi duhu, yana da layi-layi. Wannan ba ko ɗaya. Fashewa ta yi kamar tangaran. Ya nemi a kawo masa magagari, da sabuwar sakata irinta daga sito.

Aka aika direba ya kawo. Matiyu ya goga magagarin a jikin sabuwar, ya ci, garin ƙarfe ya zubo a kan tebur. Ya miƙa wa Babayo, ya ce ya gwada a kusa da bakin karayar da hannunsa. Babayo ya goga. Magagarin ya zame, ya yi ƙara siririya kamar an goga shi a kwalba, ko alama bai bari ba.

"An gasa ta," in ji Matiyu. "An sa ta a wuta ta yi ja, aka tsoma a ruwan sanyi. Ƙarfe yana yin tauri haka, amma taurin banza ne, fizga ɗaya zai fashe. Mai son ya yi amfani da shi sai ya sake ɗumama shi kaɗan ya huce a hankali. Wannan ba a yi masa haka ba. Dubi baƙin ɓawon da ke jikinta, giris aka shafa aka rufe."

Babayo ya jingina da kujera, ya ce bayanin ya yi kyau, sai dai ya ƙara jefa mai yin sa cikin rami. Da safe ana tuhumarsa da sakaci, yanzu kuwa magana ta koma ganganci, kuma a duk kamfanin ba wanda ya nuna ya san wannan dabara sai shi. Ya tambaye shi wa ke riƙe da makullin ɗakin da ake ajiye wutar walda.

"Ni ne."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai. Ba zan ɓoye ba don in tsira."

Babayo ya sa aka mayar da shi, amma ya gargaɗi Saje cewa duk wanda ya sake taɓa shi, da shi zai yi.

Washegari da safe baturen 'yan sanda, shugaban caji ofis ɗin, ya kira shi. Ya tarar da Alhaji Bamanga zaune cikin babbar riga, ɗakin ya cika da turare. Alhaji ya tare shi da Fulatanci, yana tambayar mutanen gida, yana ambaton kakanninsu da suka yi kiwo wuri ɗaya. Babayo ya amsa gaisuwar da Hausa.

Alhaji ya ce abin da ya faru ƙaddara ce, amma leburori sun ƙi komawa aiki sai an hukunta wani, auduga kuma tana jibge a fili, motoci na layi. Yaron ya yi kuskure, a kai shi kotu, shi zai ɗaukar masa lauya, magana ta mutu. Baturen 'yan sanda ya gyaɗa kai, ya ce gobe Laraba da safe a gurfanar da Matiyu kan sakacin da ya jawo asarar rai.

Babayo ya ce ba sakaci ba ne, wani ne ya lalata sakatar da gangan.

Shugaban nasa ya yi dariya, ya tambaye shi yaushe ya zama maƙeri. Ya tuna masa cewa akwai wani ofis a can bakin iyaka da ke neman sufeto, wurin da ko mota ba ta zuwa da damina.

"Ranka ya daɗe, na taɓa zama a irinsa, ban mutu ba," in ji Babayo. "Umarninka na gobe ne. Yau tawa ce."

Ya sara masa, ya fita, bai dubi Alhaji ba.

Ya koma wurin Matiyu da tambaya ɗaya: shin za a iya gane wace irin wuta ce ta gasa sakatar? Matiyu ya ce za a iya. Wutar walda tsininta siriri ne, a kan ƙarfe mai kauri haka wuri ɗaya take iya gasawa sosai, don haka tsakiya ce kawai za ta yi tauri, bakunan biyu su zauna da laushinsu. Idan kuwa cikin garwashi aka binne ta ana zuga, to daga kai har gindi za ta taurare.

"Ka san idan bakunan suka yi laushi, kai ne?"

"Na sani. Goga."

Babayo ya ɗauki magagari ya goga a kan sakatar, can nesa da karayar. Ya zame. Ya ɗauki ɗaya rabin ya goga a gindinsa. Ya zame. Ya bi jikinta kaf, ba inda ya ci. Matiyu ya sauke numfashi, ya zauna a kan benci.

Aikin maƙera ne ke nan, kuma babu maƙera a kamfanin.

Babayo ya koma Gabukka. Maigadi ya rantse bai ga kowa ba ranar Lahadi, ya sake rantsewa tun ba a tambaye shi ba, idonsa na kan ƙasa. Babayo ya gane ya ga wanda ba zai iya ambata ba, ya ƙyale shi. Ya bi maƙeran Tudun Wada rumfa-rumfa yana nuna musu guntun. Duk wanda ya karɓa sai ya ƙwanƙwasa shi a uwar maƙera, ya saurari ƙarar, ya ce an ba shi ruwa ba a mayar da shi wuta ba. Amma ba wanda aka kawo wa shi, kuma suka ce ba mai hankalin da zai yi wa sakata haka.

Da yamma ya tafi Jekadafari, ƙofar gidan Bawa, inda ake zaman makoki. Ɗantala ne a kan tabarmar gaba yana karɓar gaisuwa. Babayo ya yi ta'aziyya, aka shafa fatiha, sannan ya ja shi gefe. Ya tambaye shi inda ya yini ranar Lahadi. Ɗantala ya ce Kumo ya tafi duba wani aboki marar lafiya, sai bayan Magariba ya dawo. Ya tambaye shi ko ya san wani a kamfanin da ya iya ƙira.

"Mu makanikai ne, Yallaɓai. Sifana muka sani. Ƙira ai sai maƙera."

Babayo ya yi godiya, ya ce yana so ya yi wa matar mamacin gaisuwa. Ɗantala ya ce tana takaba, ba ta cikin hayyacinta, a bari sai an kwana biyu. Suna cikin haka wata tsohuwa ta leƙo daga zaure, ta ce Saudatu ta ji an ce ɗan sanda ya zo, ta ce a shigo da shi.

An shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofar ɗaki. Saudatu tana ciki, labule ya raba su, ƙafafunta kawai yake gani da carbi. Muryarta ta dushe, amma ba kuka take yi ba. Ta sallami matan da ke tare da ita, ta ce su ba ta wuri.

Ta ce tun jiya kowa ya shigo sai ya ce mata ƙaddara, ta yi haƙuri. Ta yarda da ƙaddara, amma tana so ta san hannun wa ƙaddarar ta biyo. Ta tambaye shi ko gaskiya ne abin da ake faɗa, cewa ya yini yana yawo wurin maƙera da guntun ƙarfe. Ya ce gaskiya ne, ya gaya mata dalili a taƙaice.

Carbin ya tsaya.

Sannan ta ce mahaifinsu maƙeri ne, daga Kano ya zo garin nan da uwar maƙerarsa a kan jaki. Ɗantala a gindin wutar ya tashi, sai da ya zama saurayi ya bar ƙira ya bi Turawan auduga. Tun rasuwar tsohon ba a sake hura wutar ba, kayan suna nan a zauren gidansu, layi uku daga nan. Ranar Lahadi da hantsi ta kai wa mahaifiyarsu, Iya, miya. Tun daga bakin layi ta ji zugazugi. Ta tarar da zauren a rufe ta ciki, sai ta ƙofar baya ta shiga. Iya ta ce yayanta ne ke gyara mata fartanya.

"Iya ta fi shekara goma ba ta riƙe fartanya ba," in ji Saudatu.

Babayo ya ce ta ci gaba.

Ta ce ranar Litinin da sassafe, Bawa na karin kumallo, sai ga Ɗantala. Bai saba zuwa da safe ba. Ya ce wa Bawa kada ya je aiki yau, ya je Dadin Kowa ya dubo masa wata gona. Bawa ya yi dariya, ya ce ranar da za a sauke sabon inji helma ba ya fashi. Ɗantala ya nace har ransa ya ɓaci, sannan ya ce to in ya je, ya tsaya nesa da kayan, ya bar yara su riƙe igiya.

"Kin san abin da maganarki za ta jawo wa yayanki?" in ji Babayo.

"Na sani. Nono ɗaya muka sha. Amma 'ya'yan Bawa za su girma su tambaye ni, kuma ba zan ce musu wani baƙo ne ya kashe ubansu ba alhali na ji zugazugi da kunnena. In an kira ni gaban alƙali, da takabar zan je."

Ranar Laraba da safe baturen 'yan sanda ya tsaya a baranda har sai da ya ga an fito da Matiyu da ankwa an sa shi a Landiroba. Babayo ya shiga gaba. Da suka kai mararrabar da ake juyawa zuwa kotu, ya ce wa direba ya miƙe Jekadafari. Saje Joda ya tuna masa umarnin da aka bayar. Babayo ya ce umarnin a wuyansa yake, ba a wuyan Saje ba.

Ya aika Saje wurin makoki ya kira Ɗantala, shi kuma ya yi sallama a gidan tsohon maƙerin. Iya ta fito tana dogara sanda, ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido. Ta ce ba wanda ya taɓa zauren tun rasuwar maigidanta, makullin ma ya ɓata. Babayo ya ce to zai sa a ɓalle ƙofar, ya biya kafinta. Ta dube shi, ta dubi saurayin da ke tsaye da ankwa, ta kwance bakin zanenta ta ciro makullin.

An share zauren, amma sharar gaggawa ce. Akwai ƙura ko'ina a kan tarkacen da ke jingine da bango, ban da zugazugin, wanda aka shafa wa fatarsa mai. Tokar da ke ramin wuta sabuwa ce. A lungu akwai rabin durom da sauran ruwa a ciki. Matiyu ya zura hannuwansa biyu da ankwar, ya dafo gindin, ya fito da baƙin ɓawon ƙarfe fal tafinsa, irin wanda ke jikin sakatar.

Babayo ya bi awartakan da ke rataye. Duk sun yi tsatsa, bakinsu siriri, na riƙe lauje da wuƙa. Ɗaya ne kawai bakinsa ya yi baƙi, an buɗe shi an lanƙwasa shi kwanan nan ya yi kamar zobe. Ya ciro guntun sakatar daga aljihu ya sa a ciki, ya matse. Ya kama shi cif, ba ya ko motsi.

Yana riƙe da shi haka Ɗantala ya shigo, Saje a bayansa.

Ɗantala ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi awartakin, ya dubi durom ɗin, ya dubi mahaifiyarsa. Iya ta fara cewa fartanya ce, ita ta sa shi. Ya ɗaga mata hannu.

"Bari, Iya. Shiga ciki."

Ba ta shiga ba. Shi kuma bai sunkuyar da kai ba. Ya shigo ya zauna a kan kututturen da ubansa ke zama, ya ce a tambaye shi.

"Kumo fa?" in ji Babayo.

"Ban je ba."

"Wa ya zare sakatar?"

"Ni. Ni na gasa ta, ni na tsoma ta, ni na mayar na shafe ta da giris."

Ya ce shekara ashirin yana riƙe da injinan nan, tun suna hannun Turawa. Da kunne yake gane wanda zai lalace. Lokacin yaƙi, da kayan gyara suka yanke, shi ya riƙa ƙera su da hannunsa, kamfanin bai tsaya ko yini ɗaya ba. Da Alhaji ya saye kamfanin ya yi zaton lokacinsa ya zo. Sai aka kawo masa yaron da ya isa ya haifa, aka ce shi zai riƙa ba shi izini kafin ya kwance ko noti ɗaya, aka karɓe makullin ɗakin walda daga hannunsa a gaban yaransa.

"Ban yi nadamar ƙin sa ba," ya ce, yana kallon Matiyu ido cikin ido. "Ko yanzu ban yarda ka fi ni ba."

Matiyu ya ce bai taɓa cewa ya fi shi ba. Ɗantala ya ce ba sai ya faɗa ba, makullin ya faɗa.

Babayo ya tambaye shi ko Bawa ma yana cikin waɗanda suka karɓe masa makulli.

Nan ne muryar Ɗantala ta sauka. Ya ce lissafinsa shi ne sakatar za ta fashe a fizgar farko, kayan bai fi taki ɗaya daga bayan mota ba. Janareto ya faɗo ya tsage, Alhaji ya kori Injiniya, shi ke nan, ba wanda zai ko ƙuje. Da aka fizga ta riƙe. Aka ɗaga sama ta riƙe. Yana tsaye yana kallo aka juyo da kayan, ya ga Bawa ya karɓe igiya daga hannun wani yaro ya shiga ƙasa.

"Ka yi magana?"

"Na buɗe baki."

"Ka yi magana?"

"In na ce a tsaya, sai a tambaye ni yadda na sani." Ya shafa gemunsa. "Na ce a raina ta riƙe har nan, za ta ƙarasa."

Iya ta zame jikin bango ta zauna a ƙasa.

Ankwa ɗaya suka zo da ita. Babayo ya karɓi makulli wurin Saje, ya kwance ta daga hannun Matiyu. Ɗantala ya miƙe da kansa ya miƙo nasa hannuwan, ya ce a yi sauri, shi ba ya son tsaye-tsaye. Saje ya tattara awartakin da guntayen sakatar da ɓawon ƙarfen. Babayo ya ce wa Matiyu ya biyo su, zai ba da shaida, daga nan ya tafi gida ya yi wanka. Babayo ya san abin da ke jiransa a ofis, ya kuma san wannan karon da mai laifi a hannu zai shiga.

Ɗantala ya fita kansa a sama. Maƙwabta sun taru a ƙofar gida, ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya har suka kawar da ido. Ya hau bayan motar ba tare da an taimaka masa ba.

Hanyar fita unguwar ta bakin layin su Bawa ta bi. Ranar sadakar uku ce, tabarmi sun cika layin har bakin titi, malamai na karatu, ana raba waina da goro. Tun daga nesa Ɗantala ya hango. Ya matso kusa da Babayo, ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya roƙi a juya a bi ta wata hanya.

Babayo ya dubi layin. Ba wurin juyawa, kuma mutane sun riga sun ga motar, sun fara miƙewa.

"Babu wata hanyar, Malam Ɗantala," ya ce.

Direba ya rage gudu saboda jama'a. Karatun ya tsaya. A ƙofar gidan, 'ya'yan Bawa na zaune a jere cikin fararen riguna, babban ya gane kawunsa ya taso yana ɗaga masa hannu. Ɗantala ya zame daga kan benci ya durƙusa a ƙasan motar, ya cusa fuskarsa tsakanin hannuwansa masu ankwa, bai sake ɗagowa ba har suka isa caji ofis.